Me Aka Koya Muku Yau? Karatun 'Yan Aji Uku a Zangon Farko

   Mai tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, mai ɗinkin hula kada ta ajiye allura, kunne kawai nake so ku ara mini.

Yau maganar jakar makaranta za mu yi. Kullum da rana yaro zai shigo, ya yar da jaka a bakin ƙofar ɗaki, ki ce, "Me aka koya muku yau?" Ya ce, "Karatu." Shi ke nan, ya nufi tukunya. Haka za a yi ta yi har wata uku. Ran nan sai ya shigo da wata takarda mai layi-layi da lambobi, wai sakamako. Ki juya ta gaba, ki juya ta baya, ki ce, "Na nawa ka zo?" Ya faɗa miki, ki sa albarka ko ki yi faɗa, a cusa takardar ƙarƙashin katifa.

Da yawanmu ba mu yi boko ba, ko mun yi ba mu yi nisa ba. Ga shi muna cikin gida, ba ma zuwa bakin aji mu leƙa. Sai mu ɗauka abin da ake yi a can ba huruminmu ba ne. To 'yar uwa, karatun zango guda ba ɓoyayyen abu ba ne. Tsari gare shi kamar girki, wani na bin wani, kuma da yawa daga cikinsa yana nan a tsakar gidanki. In kin san tsarin, za ki gane inda ɗanki ya tsaya tun kafin takarda ta zo.

Aji uku zan ɗauka, zangon farko. Dalili kuwa shi ne, daga aji ɗaya zuwa uku yaro koyon karatu yake yi. Daga aji huɗu kuma an ɗauka ya iya, sai a miƙa masa littafi a ce ya karanta ya fahimta. Wanda ya bar aji uku bai iya haɗa baƙi ba, zai yi ta kwafar allo har aji shida, rubutu radau, amma bai san abin da ya rubuta ba. Kin ga ashe aji uku mararraba ce.

Bari mu fara da yadda aka yanka lokacin. Shekarar karatu kashi uku ce, kowane kashi shi ne zango, wasu su ce tam. Zangon farko yakan fara a watan Satumba ya ƙare a Disamba, kimanin mako 13. Abin da za a koyar ba malami ne ke ƙirƙiro shi ba. Akwai manhaja da hukumar NERDC ta Abuja take tsarawa don ƙasa baki ɗaya, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta lura da makarantun gwamnati, shi kuma malami ya rarraba aikin mako-mako. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage wa yara yawan darussa, aka ce 'yan aji ɗaya zuwa uku darasi 9 ne ko 10: harshen gida, wato Hausa a wurinmu, da Turanci, da Lissafi, da Kimiyya, da Addini, da Tarihin Nijeriya, da Zamantakewa, da Motsa jiki tare da kiwon lafiya, da Zane da ayyukan hannu, sai Larabci ga mai so.

Cikin makonni 13 ɗin nan, na farko yakan tafi a share-share da tilawar karatun bara. Biyun ƙarshe na bita ne da jarrabawa. Kin ga sabon karatu na kimanin mako 10 ne, kwana 50 ke nan. Yanzu ki yi wannan lissafi da ni. Yarinyar da ake tsayarwa rana ɗaya tak a mako, don talla ko raino ko aike, ta rasa kwana 10, wato mako biyu cur. Sannan galibin makarantu da safe suke sa Lissafi da Turanci, kafin a fita tara, lokacin da kan yaro yake a sake. Wadda sai ta sayar da koko ko ƙosai sannan ta sa kayan makaranta, kullum ana ganinta a aji, amma manyan darussa biyu sun wuce ta.

To me ake yi a darasin Hausa? A makonnin farko ana maimaita baƙi da wasali. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. A cikin baƙaƙe akwai masu lanƙwasa, su ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda in an bar lanƙwasar ma'ana ta sauya. Kafa daban, ƙafa daban. Baki daban, baƙi daban. Gada ta tsallake rafi daban, gaɗa ta 'yan mata a dandali daban. Daga nan a haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, gaɓa da gaɓa su ba da kalma, kalmomi su ba da jimla. Zuwa tsakiyar zango ana son yaro ya karanta ɗan labari mai layi biyar ko shida, a tambaye shi wa aka ambata, me ya yi, ya amsa. Ana kuma yin gaisuwa, da tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana. Wannan ai fagenki ne. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kike yi musu bayan isha'i, in kin gama ki ce ɗaya ya maimaita daga farko zuwa ƙarshe, me ya fara faruwa, me ya biyo baya. Abin da malamin Hausa yake nema ke nan.

Turanci shi ne ya fi ba yaranmu wuya, kuma ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba ne. Harshe ne da ba sa ji a gida, ba sa ji a lungu. Ga shi Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, shi kuwa Turanci harafi ɗaya sai ya yi sauti biyu ko uku. Yana da haruffa irin su p da q da v da x da babu su a Hausa, harafin c kuma ba yadda muke faɗarsa suke faɗa ba. A wannan zango ana koya musu sautin haruffa, da sunayen abubuwan aji da na gida, da yadda ake nuna ɗaya da jam'i, da kalmomin aiki kamar ci da sha da tafiya, da gajerun jimloli da yaro zai faɗi sunansa da shekarunsa da unguwarsu. Ana kuma yi musu shifta. Kada ki ce tunda ba kya jin Turanci ba ki da abin yi. Yaron da ya iya karatun Hausa ya riga ya san cewa harafi sauti yake ɗauke da shi, kuma daga hagu ake tafiya zuwa dama. Da wannan sanin zai shiga Turanci. Ki tsaya masa a kan Hausar, kin rage masa nauyin ɗayan.

Sai Lissafi. A zangon farko yawanci ana ƙirga da rubuta lambobi har zuwa 999, sannan a koyi matsayin lamba, wanda shi ne ginshiƙin komai. Ki samo tsinken tsintsiya, ki ɗaure su goma-goma da zare. Ɗauri goma in an haɗa su ƙunshin ɗari ke nan. To 347 tana nufin ƙunshi 3 na ɗari, ɗauri 4 na goma, da tsinke 7 warwara. Yaron da bai gane wannan ba, in an ce ya rubuta ɗari uku da biyar sai ya rubuta 3005, maimakon 305. Daga nan a shiga tarawa mai ɗauko. Misali 58 a tara da 27: 8 da 7 sun ba da 15, wato ɗauri ɗaya da tsinke 5, sai a rubuta 5 a kai ɗaurin wurin 'yan uwansa, 5 da 2 da 1 sun zama 8, amsa 85. Sai ɗebewa mai aro, inda ake kwance ɗauri ɗaya don a sami abin cirewa. Ana kuma yin rabi da kwata da sulusi. Ƙosai 40 a faranti, rabinsa 20, kwatansa 10.

A nan akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Yarinya mai talla, a sayi ƙosai 7 a kan naira 50 kowanne, a ba ta 500, kafin ki ƙifta ido ta miƙa canjin 150, ba ta kuskure ko sau ɗaya. Amma a rubuta mata 500 a ɗebe 350 a takarda, sai ta ci sifiri. Ba daƙiƙiya ba ce, lissafin yana kanta. Abin da ta rasa shi ne yadda ake kwantar da shi a takarda, kuma a makon da aka koyar da hakan tana bakin titi da faranti. Wani abin lura kuma, a Turanci 13 da 30 sun yi kama a kunne, haka 14 da 40, har zuwa 19 da 90. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, ba a lissafin ba.

Kimiyya, kada sunan ya tsorata ki. A aji uku awo ne da ƙasa da ruwa da iska, da tsirrai da dabbobi. Za a ce yara su auna tsawon aji da taku, ko tebur da kamu. Sai a ga na wannan ya fi na wancan, don ƙafar kowa da hannunsa daban. Daga nan malami zai nuna musu dalilin da ya sa aka yi ma'auni ɗaya na kowa da kowa, mita guda santimita 100, irin wanda ke jikin tef ɗin tela. Haka lokaci: minti 60 awa ɗaya, awa 24 kwana ɗaya, kwana 7 mako, wata 12 shekara. A darasin ƙasa kuwa akan huda gwangwani uku, a zuba yashi a ɗaya, yumɓu a ɗaya, ƙasar shuka a ɗaya, a tsiyaya ruwa. Na yashi zai zube nan take, yumɓu ya riƙe, ƙasar shuka ta tsaya tsaka-tsaki. Wannan ai a tsakar gida ma za ki iya yi da su. Ki ƙara musu da cewa shi ya sa da yumɓu ake gina tulu da randa, kuma kududdufan da ke cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar tubali aka gina gidajenmu. Game da ruwa, za a gaya musu mai kyau ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma ko ya yi garau yana iya ɗauke da ƙwayar cuta, don haka a tafasa, a rufe randa, a keɓe mata moɗa. In ɗanki ya zo yana cewa malam ya ce a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi, kada ki ce ya cika iyayi. Darasi ne ya kama shi.

Zamantakewa da Tarihi daga gida suke farawa. Su wa ke cikin iyali, mene ne aikin kowa, wane ne kawu, wace ce goggo, mene ne haƙƙin maƙwabci. Daga gida a fita unguwa: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Daga nan ƙaramar hukuma. Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro a 1967, tana da ƙananan hukumomi 44, mu na cikin ganuwa muna ƙarƙashin Birni da Kewaye ko Dala ko Gwale. Ya kamata ɗan aji uku ya san tasa, ya san sunan unguwarsu da cikakken sunan mahaifinsa, ko don ranar ɓata. A cikin wannan zango ne ma ake hutun 1 ga Oktoba, sai malami ya yi musu bayanin samun mulkin kai a 1960, da tuta mai kore da fari da kore, da jihohi 36.

Tarihi kuwa, ɗan cikin birni a kansa yake tafiya kullum. Dutsen Dala yana kallonsa. Ganuwar da yake wucewa, littafin tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Kasuwar Kurmi da gidan sarki ayyukan Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ita kanta makarantar boko a 1909 ta fara a Kano, a Nasarawa, a hannun Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa. Akwai gidan tarihi na Gidan Makama da makarantu kan kai yara ziyara. In an aiko neman izinin zuwa, a daure a bar su. Ke kuma kaka, labarin asalin gidanku, daga ina kakanni suka zo, wace sana'a aka gada, rini ne ko dukanci ko fatauci, ki ba su. A littafi ba za su same shi ba.

Darasin Addini shi ne wanda yaranmu suka fi sakewa a cikinsa, don suna zuwa da guzuri daga makarantar allo da Islamiyya. Gajerun surori ne, da alwala, da salla, da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ladubban ci da sha da gaisuwa. Bambancin kawai a nan ana son ya rubuta amsa. Sai Motsa jiki, inda ake guje-guje da tsalle da wasannin dandali, ana duba farce da haƙori da tsabtar kaya. Sai Zane da ayyukan hannu: launuka, da zanen ganye ko kofi, da gina 'yar tukunya da laka, da waƙa. Waɗannan ba ɓata lokaci ba ne. Hannun da ya saba da zane shi ke iya riƙe fensir.

Yanzu da muka zazzage jakar, kin lura darussan nan a sarƙe suke? Agogon da aka koya a Kimiyya da lissafi ake karanta shi. Tambayar Lissafi da kalmomi ake rubuta ta. Jarrabawar Addini da ta Tarihi sai an karanta tambaya kafin a amsa. Duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ita ce iya karatu. Kuma ki tuna, a wasu makarantun gwamnati aji guda yakan kai yara ɗari. Malami ɗaya, komai ƙoƙarinsa, ba zai saurari karatun kowane yaro kullum ba. Ke kuwa naki biyu ne ko uku.

To me za ki yi daga inda kike zaune? Da farko ki riƙa buɗe littafin rubutunsa. Ko ba ki iya karatu ba, kin san lamba, tunda kina kiran waya kina ƙirga kuɗi. A saman kowane aiki akwai kwanan wata. In kin ga an yi tsalle daga 6 ga wata zuwa 15, ki tambaya ina aka je a tsakani. Ki duba jan biro: alamar daidai ta fi yawa ko ta kuskure, ko ma ba a duba aikin ba sam? Na biyu, ki daina tambayar me aka koya muku. Ki ce, "Zo ka koya mini abin da malam ya yi yau." Yaro yana son ya zama malami, kuma wanda bai gane ba ba zai iya koyarwa ba, nan take za ki ji. Na uku, ki sa ya karanta miki da ƙarfi kina aikinki, yana bin layi da yatsa. Don ki tabbata ba hadda ya yi ba, ki nuna masa wata kalma a tsakiyar shafi ki ce ya faɗa, ko ki miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba. Na huɗu, in an ba da jinga, a ba shi wuri da fitila da ɗan lokaci, kada yayansa ya yi masa.

In kin ga da matsala, kada ki jira Disamba. Ki gaya wa maigida ya leƙa wurin malamin aji ko hedimasta, ko a tura kawu ko kaka, ko a karɓo miki lambar malamar ku yi magana. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake sa mata a ciki, ki nemi sanin wadda ke wakiltar unguwarku.

Ranar da sakamako ya zo kuma, kada "na nawa ka zo" ya ɗauke miki hankali. Yaro yana iya zuwa na biyar a ajin da mafi yawansu ba su iya karatu ba. A gaban kowane darasi akwai makin gwaje-gwajen da aka yi cikin zango, da makin jarrabawa, a haɗa su bisa 100. Ki sa a karanta miki na Hausa da Turanci da Lissafi tukuna. Sannan a duba wurin da aka rubuta sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa ya halarta. Sau da yawa amsar faɗuwar tana nan.

Na san halin da ake ciki. Tallan nan da shi ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki, ba wadda take ɗora wa 'yarta faranti don ƙiyayya. Dokar ƙasa ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, gwamnatin Kano ma ta ayyana hakan a 2019, amma duk mun san fensir da littafi da kuɗin tara daga ɗaki suke fitowa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A bar wa makaranta safiya. In tallan ya zama dole, a mai da shi bayan an taso, ko Asabar da Lahadi, ko a sayar daga cikin gida. Da sanyin safiya ake kama fara. Wadda kuma take sha'awar ta koyi karatun ita kanta, tun 1980 Kano take da hukumar yaƙi da jahilci, akwai azuzuwan matan aure, a nemi izinin maigida a shiga. Ba a girma da neman sani.

Ga jingarku ta wannan mako. Yau in yaro ya dawo, ya ci abinci ya huta, ki ce ya ɗauko jakarsa ya zauna kusa da ke. Ku buɗe littafi ɗaya, ya karanta miki layi uku. Abin da kika ji, mai daɗi ko akasin haka, daga nan za ki san inda za a fara.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.